Buzun Da Ba Ya Jin Buzanci: Tarihin Baki da Kama a Ƙasar Adar

Wanda ya taɓa zama a tashar motar Birnin Ƙonni ya san ba kasafai ake tambayar baƙo inda ya fito ba. Kafin ya ƙare sallama an riga an karance shi. In ya ce "fari", an san iskar Kano ta kaɗa shi. In ya ce "hwari", to na gida ne, ko ɗan Adar ko ɗan Sakkwato. In ya tambayi hanyar asibiti, daga hayin iyaka ya tsallako; in ya ce likita za shi, ɗan Nijar ne. Abin da kunne ya rage, ido ke ƙarasawa: tsagen kunci, naɗin rawani, hasken fata ko duhunta, har takalmin da ke ƙafarsa. Cikin minti guda an ba shi gari, an ba shi ƙabila, wani lokaci har an yi masa kaka da kakan kaka. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Mu a wannan yanki har labarin asali fuska muke tambaya, kuma muna gaskata amsarta fiye da kima.

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata makarantar ƙauye tsakanin Ƙonni da Tawa, yara biyu suka kaure da dambe a lokacin shan iska. Da na raba su na tambayi dalili, sai mai kukan ya nuna ɗayan ya ce, "Mushe, Buzu yac ce min." Na ce, "To kai kana jin Buzanci?" Ya ce a'a. "Babanka fa?" Ya ce yana ji kaɗan amma ba ya mayarwa. "Kakarka?" Ya ce ita kam da shi take yi wa awakinta faɗa. Yaron nan Hausarsa ta fi tawa nuna, Adaranci ne tsantsa. Shi da wanda ya zage shi launinsu ɗaya, bakinsu ɗaya, gonakin iyayensu iyaka ɗaya. Abin da na iya yi ranar shi ne na ce su daina faɗa su koma aji. Ban san abin da zan ƙara ba, domin ni kaina ban gane dalilin da ya sa kalmar da a Kano sunan jama'a ce kurum take sa yaro hawaye a Adar ba. Amsar da ya kamata in ba su ke nan nake rubutawa, sai dai ta zo a makare.

Bari mu fara da Tajaye, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Illela ta jihar Tawa, can wajen da ƙasar Illela ke gangarowa ta haɗu da ta Ƙonni da ta Malbaza. (Kada mai karatu ɗan Najeriya ya ruɗe: akwai Illela ta jihar Sakkwato da ke kallon Ƙonni a bakin iyaka, akwai kuma Illela ta Adar, wadda muke magana a kanta.) A takardun hukuma Tajaye biyu ce: Tajaé Nomade da Tajaé Sédentaire, wato ta makiyaya masu yawo da ta mazauna. Baƙon da ya karanta sunan zai zaci zai tarar da tantuna da raƙuma a gefe guda, rumbuna a ɗaya gefen. In ya je zai ga ana noman gero nan da can, Hausa kuma ake ciniki da ita a kasuwa. Sunan gado ne daga mulkin Faransa. Turawan sun raba talakawansu gida biyu don sauƙin ƙidaya da karɓar haraji: "mazauna" a ƙarƙashin sarkin kanto mai ƙasa da iyaka, "makiyaya" a ƙarƙashin shugaban rukuni wanda mutane yake mulki ko'ina suke. Saboda haka zama "nomade" a takarda bai dogara ga ko mutum na tashi da damina ba. Ya dogara ga sarkin da aka rubuta kakansa a ƙarƙashinsa. Gida na iya shekara ɗari a wuri guda, da rijiyarsa da maƙabartarsa, takarda na ce masa mai yawo.

Wannan rarrabawa ta ba mutane tunanin cewa akwai Bahaushe tsantsa a nan, Ba'abzine tsantsa a can, kuma haka abin yake tun fil azal. Tarihin Adar bai yarda da haka ba ko kaɗan.

Tsofaffin mazauna duwatsun Adar su ne waɗanda ake kira Azna, manoma da mafarauta masu jin Hausa, masu bin addinin gargajiya. Har yau Masalata, kusa da Ƙonni, ta shahara da al'adunsu. Gobirawa kuwa, a labarin da su kansu ke bayarwa, daga Abzin suka gangaro kudu. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya ci Kabi da yaƙi ya karɓe Adar daga hannunta. Daga baya ya hau gadon Agadas, aka tuɓe shi a 1721, ya dawo Adar ya kafa gidan sarauta. Wannan gida shi ne wanda ya zauna a Illela, kuma har yanzu mai riƙe da sarautar Illela Sarkin Adar ake ce masa. Ku lura da abin da ya faru da zuriyar Agabba: daga fadar Agadas suka zo, tare da Abzinawan Lisawan da suka rufa musu baya, amma da tafiya ta yi tafiya Hausa ta zama harshen gidansu, sarautunsu na Hausa, kaɗe-kaɗen fadarsu na Hausa. Babu mai tsayawa yau ya ce wa ɗan sarautar Illela ai kai ba cikakken Ba'adare ba ne. Shi ne ma ma'aunin Adarcin.

Bayansu Kel Geres suka gangaro daga Abzin a ƙarni na 18 suka zauna a kudancin Adar da Gobir Tudu, da raƙumansu da ayarinsu na gishiri zuwa kasuwannin Sakkwato da Kano. A ƙarni na 19 Iwillimmidan na Azawak suka mamaye arewacin Adar. Zaman ya haɗa da yaƙi da harin bayi da karɓar gandu, ya kuma haɗa da ciniki da auratayya da aron kalmomi. Duk malamin da ya ce wa ɗalibi "ɗauko takarda" ya yi amfani da kalmar da ta shigo Hausa ta bakin Abzinawa. Haka raƙumi, haka azurfa, haka ayari, haka amawalin da ake rufe baki da shi. Takobi ma da mu da su suna ɗaya muke kiransa.

Aron bai tsaya ga harshe ba. Babu abin da ke sa a ce "ga Ba'abzine" daga nesa kamar baƙin rawani mai ƙyalli da ke zuba shuni a fuska, wanda saboda shi Turawa suka laƙaba musu sunan shuɗɗan mutane. To wannan turkuɗi a ƙasar Kano ake saƙa shi, a marinar Kura da maƙwabtanta ake rina shi, a buga shi da mabugi har ya yi walƙiya, sannan ayari ya hau da shi arewa. Alamar da duniya ta san Ba'abzine da ita aikin hannun Bahaushe ce. Nakan yi mamakin yadda ba a faɗa wa yara wannan a aji, alhali da shi kaɗai ana iya koyar da tarihi da labarin ƙasa da kasuwanci a darasi guda.

Rawani kuwa ya taɓa zama maganar rai da mutuwa a wannan yanki. A Marata, kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza ta yau, aka haifi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a 1754. Da jama'arsa ta yi yawa a Degel, sai ta zama ana gane ta da ido: maza da rawani, mata da mayafi. 'Yan shekaru kafin hijirar Gudu ta 1804, Sarkin Gobir Nafata ya yi shela ya hana wa'azi ga kowa ban da Shehu, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya kuma hana naɗa rawani da yafa mayafi. Nafata ya gane abin da duk mai mulki ke ganewa: in mutane suka fara gane junansu a kasuwa ba tare da sun yi magana ba, sun zama jama'a. Bayan jihadi kuma me ya faru? Fulanin da suka hau gadajen sarautar ƙasar Hausa, a mafi yawan birane, cikin 'yan tsararraki suka bar Fillanci suka koma Hausa. Yau gidajen sarauta nawa ne a Sakkwato ko Kano ko Katsina ake hira da Fillanci a tsakar gida? Duk da haka ba wanda ke ganin sun yi abin kunya.

Tsage ma haka. Wanzami na yi wa jariri shi tun bai san kansa ba: na Gobirawa, shida a kunci guda bakwai a ɗayan, na Arawa, dogaye biyu a kowane kunci. A zamanin hari, tsage katin shaida ne, yana iya sa a fanshi wanda aka kama ko danginsa su gane shi bayan shekaru. Amma tsage na faɗin gidan da ya yi wa yaro aski ne, ba lalle jinin da ke jikinsa ba. Wanda aka haifa a gidan ubangijin uwarsa yakan tashi da tsagen gidan. Yanzu al'adar na mutuwa, 'yan makarantarmu kaɗan ne ke da shi, sai dai ido bai daina neman abin karantawa ba. Da tsage ya tafi, ya koma kan launi da sumar kai.

Mun ga manya sun sauya harshe: zuriyar Agabba, zuriyar masu jihadi. Yanzu mu dubi na ƙasa, domin nan ne hawayen ɗalibina ya fito.

Al'ummar Abzinawa ta da hawa-hawa ce. Akwai imajaghan, masu takobi da mulki, akwai malamai, akwai maƙera, akwai kuma iklan, wato bayi, da 'yantattun bayi, waɗanda su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Su ke kiwo, su ke jan ruwa, su ke daka, su ke noma a ƙauyukan da iyayengijinsu ke zuwa karɓar hatsi bayan girbi. Kakanninsu da yawa kamo su aka yi daga ƙasashen kudu, ciki har da ƙasar Hausa kanta, suka tashi da harshen Tamajak don shi suka tarar a tanti. A bakin mutanen Adar, waɗannan ne Buzaye ko Bugaje. Masu sarautar kuwa Abzinawa ne. Zabarmawa na da irin wannan kalma, Bella. Saboda haka in yaro ya ce wa ɗan'uwansa Buzu a filin makarantar Adar, ba harshensa yake nufi ba, tunda ya san ba ya ji. Cewa yake yi: kakanka dukiyar wani ne.

Faransa ta soke bauta a dokance a ƙasashenta na Afirka ta Yamma a watan Disamba 1905, amma a yankunan makiyaya ta kau da kai shekaru masu yawa, don tana bukatar shugabannin rukuni su tara mata haraji da 'yan aikin tilas. Abin da ya fi doka aiki shi ne ƙafa. Bayan an murƙushe tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, ƙarfin masu takobi ya karye. Bugaje suka yi ta janyewa, suna kafa zangonsu, suna sheme gonaki, samarinsu na tafiya cin rani Sakkwato da Kano da Jos, daga baya har Ikko da ƙasar Gana. A can ba mai sanin ubangijin kowa. Abin da ake tambaya shi ne, kana jin Hausa? Kana salla? To kai Bahaushe ne, ga masauki a zango. Wanda ya ɗanɗani wannan ya dawo gida, da wane harshe kuke jin zai yi wa 'ya'yansa magana?

Masaniyar tarihi Benedetta Rossi, wadda ta daɗe tana bincike a Adar, ta bi diddigin wannan sauyi a ƙauyuka da dama: kakanni na Tamajak, iyaye na harshe biyu, jikoki na Hausa zalla. Ta nuna cewa barin harshen ba mantuwa ba ce, zaɓi ne. A Tamajak, bawa na da mazauninsa da aka yanka masa, har a yadda ake kiransa da yadda zai amsa. A Hausa yana iya zama ɗan kasuwa, ya zama malami, ya je Makka ya dawo Alhaji. Hausa ta zama ƙofar fita. Abin da ɗalibina ya faɗa mini a tsaye cikin kuka, kaka da uba da shi, daidai yake da abin da masu bincike suka shekara suna tattarawa.

Ga inda rashin adalcin yake. Ɗan sarki ya bar harshen kakansa, an ce ya zama ɗan ƙasa. Jikan bawa ya bar harshen da aka ɗora wa kakansa, an ce yana ɓoye asali. Tafiya ɗaya suka yi, ɗaya aka yi masa kirari, ɗaya ake bi da bincike. Kuma binciken ba a makaranta ya fi ciwo ba, a neman aure ne. Iyaye da ke karanta wannan sun san abin da nake nufi. Yaro ya yi karatu, yana da sana'a, yana da hali, an yaba. Sai a tura tsoho ya je "ya ji asali". Ya dawo ya yi ƙasa da murya ya faɗi kalma ɗaya, magana ta mutu. Sai a rufe da karin maganar barewa da ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kamar bauta hali ce da ake gado, ba zalunci ne da aka yi wa wani ba.

Kada wani ya ce wannan tsohon zance ne. A 1996, a nan yankin Ƙonni, aka sayar da Hadizatu Mani tana 'yar shekara 12 a kan sefa 240,000, wato jaka 240, ta zama wahayiya, abin da wasu ke kira sa-ɗaka ko mace ta biyar: ba aure, ba sadaki, ba haƙƙi, sai aiki da shimfiɗa. Uwarta baiwa ce, shi ke nan dalilin. An ba ta takardar 'yanci a 2005, amma da ta auri wanda take so sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991, sunanta kuma na nufin 'yan'uwantaka a Tamajak, ta tsaya mata har gaban kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta yanke cewa Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A takardun shari'ar an rubuta ta a matsayin mai bin al'adar Buzu, wanda ya saye ta kuma mai bin al'adar Hausa. Wannan ya kamata ya sa mu Hausawa mu yi shiru kaɗan kafin mu ce bauta matsalar Abzinawa ce. Su ke sayarwa, amma su wa ke saye? Dokar da ta mai da bauta babban laifi an yi ta a 2003, kuma sai a 2014 wata kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda riƙe wahayiya. Masu binciken wannan al'ada sun ambaci wata alama da ake gane irin waɗannan mata da ita a da: munduwar ƙarfe mai nauyi a ƙafa. Ado ne a ido, amma kowa a kasuwa ya san abin da take faɗa.

Abin dariya, in har akwai dariya a ciki, shi ne yadda kalmar ke juyewa da zarar an tsallaka iyaka. A Kano da Kaduna duk mai naɗi da amawali Buzu ne. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, dabbobi suka ƙare, Abzinawa suka kwarara biranen Najeriya, da yawa suka kama gadi. Ɗan gidan sarauta da jikan bawansa suka zauna a ƙofar gida guda suna dafa shayi, mai gida na kiransu duka "Buzu maigadi", yana kuma yabonsu da amana da rashin tsoro. Bambancin da ke hana aure a Adar, Bakano bai ma san da shi ba. Shi rawani kawai ya gani.

Sai maganar baki. Ba'abzinen da ya koyi Hausa da girma ana jin sa, domin Tamajak ba ta da ɓ da ɗ irin namu, ba ta kuma bambanta kalmomi da hawa da saukar murya. Bafillace kan ce "jo" a maimakon "zo", ya kuma gauraya "ya" da "ta", don Fillanci ba ya raba namiji da mace a nahawu. Waɗannan ba alamun ƙarancin basira ba ne, sawun harshen farko ne a kan na biyu, kuma mai su ya fi mai yi masa dariya yawan harsuna. Amma Ba'adaren da ke kwaikwayon Hausar Buzu don a yi dariya, shi ma akwai inda ake kwaikwayon tasa.

Yadda aka yi haka kuwa, tarihi ne na iyaka da na ɗab'i. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa suka zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, Ƙonni ta faɗa ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ƙone garin da kashe jama'arsa a watan Mayu 1899 ba. Da Faransa ta ga ba ta da hanya mai ruwan sha tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zana iyakar a 1904 da 1906, Ƙonni ta koma hannunta. Mutanen da ke magana iri ɗaya da Sakkwatawa, tafiyar ƙasa da kilomita ɗari, suka wayi gari a wata ƙasa. A can kudu Ingilishi suka ɗauki Hausa harshen aiki. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, aka kafa hukumar fassara da talifi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita daga Zariya a 1939, kuma karin Kano aka ɗauka ginshiƙin daidaitacciyar Hausa. Littafi, jarida, rediyo, daga baya finafinai, duk suka bi wannan hanya. A nan arewa kuwa Faransa ba ta ba Hausa gurbi a lakwal ba sam. Tsofaffin 'yan makaranta na tuna "sambol", abin da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, ya yi ta farautar wani da zai miƙa wa kafin a tashi.

Sakamakon shi ne tsani mai hawa huɗu a kan ɗan Tajaye: Faransanci a sama, harshen ofis da albashi, Hausar Kano a ƙarƙashinsa, harshen rediyo da wayewa, Adarancinsa a ƙasa, harshen gona, Tamajak ɗin kakarsa kuma can ƙarƙashin tabarma, ba a son baƙo ya ji. Na ga malamai, ni ma na yi, suna ja wa yaro jan layi don ya rubuta "sunka zo" ko "biyat" ko "wanga yaro na", suna ce masa ba Hausa ba ce. Alhali masana harshe sun daɗe da nuna cewa karin yamma, na Adar da Sakkwato da Gobir da Arewa, ya riƙe tsofaffin siffofin da Kananci ya sauya. "Biyat" ta girmi "biyar". "Munka" da "sunka" sun girmi "muka" da "suka". Waƙoƙin Hausa na ajami da aka rubuta a gidan Shehu da wannan kari aka yi su, haka manyan makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo. Bafaranshe Bernard Caron ya rubuta littafi sukutum a kan nahawun Hausar Adar, ya fito a 1991. Harshen da Bature ya ƙetaro teku don ya nazarta, shi muke sa wa jan biro. A fim kuwa, in an ji wannan kari, sau da yawa a bakin baƙauye ne ko ɗan barkwanci.

Ba ina cewa a daina koyar da daidaitacciyar Hausa ba. Dole ne yaro ya iya rubuta abin da za a karanta a Damagaram da Zariya da Kumasi, kuma tun taron Bamako na 1966 ake ƙoƙarin haɗa rubutun ƙasashen biyu don haka. Amma akwai tazara mai nisa tsakanin "ga yadda ake rubutawa a littafi" da "yadda uwarka ke faɗa kuskure ne". Na farko ƙari ne, na biyu ragi. Yaron da aka gaya wa na biyu yakan daina ɗaga hannu a aji, malami kuma ya rubuta a kansa cewa ba shi da ƙoƙari.

Wani zai ce ai mu da wasa muka saba, tsokana ce kawai. Gaskiya ne muna da taubasantaka tsakanin ƙabilu: Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa, Kanawa da Zagezagi. Hukumar UNESCO ma ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gadon duniya a 2014. A cikinta Babarbare na iya ce wa Bafillace bawansa a tsakiyar kasuwa, kowa ya yi dariya, don kowa ya san ƙarya ce kuma za a rama. Sharaɗin wasan ke nan: ana ramawa. Ɗalibina ba shi da abin ramawa, domin abin da aka faɗa masa akwai tsofaffi a garin da ke iya kawo sunan wanda ya mallaki kakarsa. Malamin da bai bambanta waɗannan biyu ba zai ga yaro na kuka ya ce masa bai san wasa ba.

Wannan magana ta ƙara nauyi yanzu. Nijar ta fara gwajin makarantun koyarwa da harsunan gida tun 1973, abin ya yi ta tafiyar hawainiya. A watan Maris 2025 sabon kundin mulkin ƙasar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, sauran tara, ciki har da Tamajak da Fillanci da Zabarmanci, aka kira su harsunan da ake magana da su. Mu masu jin Hausa mun yi murna, ba laifi. Sai dai ƙofar da Bugajen Adar suka bi suka tsira ta buɗe ne saboda Hausa ba ta tambayar mai shigowa takardar haihuwa. In ta hau kujerar Faransanci ta ɗauki halinsa, da sambol ɗinta da jan bironta, to a ajin Tajaye za a samu yara kashi biyu da za su sunkuyar da kai: waɗanda Hausarsu ba ta littafi ba ce, da waɗanda a gida Tamajak ko Fillanci ake yi musu. Idan aka haɗa su, su ne ajin gaba ɗaya.

Ɗalibin nan nawa na sake haɗuwa da shi bayan shekaru, a bakin iyaka, ya zama magidanci, yana fataucin albasa zuwa kudancin Najeriya. Shi ya gane ni, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Na tambaye shi labarin tsohuwa, ya ce ta rasu tuni, kuma duk gidansu ba wanda ya riƙe komai na harshenta sai ƙirga ɗaya zuwa goma da kalmar kiran awaki. Na ce, "Har yanzu ana tsokanarka da sunan nan?" Ya yi dariya ya ce, "Mushe, ni sunana ya danganta ga inda mota tat tsaya. Ikko Aboki nike, Kano ɗan Nijar nike, Yamai Ba'adare nike. Sai na iso gida nike zama Buzu." Yaran mota suka kira shi, an gama lodi.